Yadda Ake Rarraba Gaɓoɓin Aikatau na Italiyanci da Gano Inda Ake Danna Murya

Rubutun Italiyanci ba mai yaudara ba ne. Abin da ka gani a takarda kusan shi za ka ji a bakin mai magana. Akwai babban abu da rubutun yake ɓoyewa, kuma a cikin aikatau ya fi ɓoye shi: gaɓar da ake danna murya a kanta, wadda Italiyawa ke kira accento. A nan za mu kira shi danni, kuma za mu riƙa rubuta gaɓar da ke ɗauke da shi da manyan haruffa. Dubi kalmar capitano. In ka ce ca-pi-TA-no, kyaftin kake nufi. In ka ce CA-pi-ta-no, ka ce "suna aukuwa". In kuwa ka kai dannin ƙarshe, ca-pi-ta-NÒ, ka ce "ya jagoranta". Haruffa takwas ne ba su canja ba, ma'ana uku.

Wanda ya iya gano wurin danni ya riƙe linzamin aikatau ɗin Italiyanci, domin da yawa daga cikin canje-canjen da ɗalibai ke haddacewa da sunan "aikatau marasa bin ƙa'ida" danni ne ke jawo su. Amma ba a gano danni sai an iya ƙirga gaɓa, ba a kuma ƙirga gaɓa sai an san harafin da ake furtawa da wanda yake alama kawai. Daga nan za a fara.

Mataki na 1: Ware haruffan da ke tafiya tare

Italiyanci na da haruffa 21 na gida, biyar daga ciki wasula. Bahaushe ya shigo da jari mai kyau, don yawancin sautukan suna bakinsa tun fil azal. Rubutunsu ne ya bambanta.

Harafin c a gaban e ko i shi ne c ɗinmu na "ciki": dice, ana cewa "dice" kamar yadda Bahaushe zai karanta. A gaban a, o, u kuwa k ne: dico, "diko". Haka g: a gaban e ko i ya zama j, a sauran wurare g na "gida". In ana son k ko g a gaban e ko i, sai a cusa h: cerchi "cerki", paghi "pagi". In ana son c ko j a gaban a, o, u, sai a cusa i wanda ba a furta shi: mangio "manjo", comincio "kominco". Haɗin sc a gaban e ko i shi ne sh: esce, "esshe". Haɗin gn ya yi kusa da ny na "hanya". Haɗin qu kw ne na "kwana", gu a gaban wasali kuma gw na "gwani", kamar a guardare da seguire. Haɗin gli ne babu kamarsa a Hausa: ka shimfiɗa tsakiyar harshe a ganɗa kamar za ka ce y, ka bar iska ta fita ta gefe kamar l. Shi ke cikin voglio, "ina so". Harafin r kuwa na kaɗawa ne, irin na "biyar" da "arba'in", ba irin na "rana" ba.

Waɗannan haɗe-haɗe, ch, gh, gn, gli, sc da ci ko gi masu i na alama, sauti ɗaya ne kowanne. Ba a raba su tsakanin gaɓa biyu ko kaɗan. Ka ja musu layi a ƙarƙashi kafin ka fara yanka kalmar.

Harafin h shi kaɗai ba ya da sauti. A aikatau avere ake ganinsa, ho, hai, ha, hanno, kuma aikinsa bambanta waɗannan da o, ai, a, anno a rubuce. Kada ka hura shi.

Mataki na 2: Yanka kalmar a wurin baƙaƙe

Kowace gaɓa tana da wasali a tsakiyarta. Tambayar ita ce ina baƙaƙen da ke tsakanin wasula za su faɗa.

Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin wasalin da ke biye da shi: ve-de-re, fi-ni-re, a-bi-ta-re.

Baƙi mai shadda, wato wanda aka rubuta sau biyu, ana raba shi gida biyu: leg-ge-re, cor-re-re, met-to, fat-to. Haɗin cq ma shadda ce ta q, don haka nac-qui, piac-que, ac-qui-sta-re.

In l, m, n ko r suka zo kafin wani baƙi, sai su tsaya a gaɓar baya su rufe ta: par-la-re, can-ta-re, al-za-re, com-pra-re, en-tra-re.

In kuwa l ko r ne suka biyo bayan wani baƙi, kamar br, pr, tr, dr, cr, gr, fr, vr, pl, cl, to biyun suna tafiya gaba tare: a-pri-re, ve-drò, a-vrò, re-pli-ca-re. Gwajin da malamai ke bayarwa shi ne: shin wannan haɗi zai iya buɗe kalma a Italiyanci? In zai iya, to zai iya buɗe gaɓa.

Sai ƙa'idar da ta fi kayar da mutane. Harafin s da wani baƙi ke biye da shi ba ya tsayawa a baya, gaba yake tafiya: a-spet-ta-re, re-sta-re, mo-stra-re, fi-ni-sco, tra-spor-ta-re. Kunnen Bahaushe zai so ya ji as-pet-ta-re, kuma a gaskiya furucin Italiyawa da kansu ya fi kusa da hakan, har masana sauti sun daɗe suna tattauna batun. Amma ƙa'idar rubutu, wadda ake bi a makaranta da wajen karya kalma a ƙarshen layi, ita ce a-spet-ta-re. Banda shadda: ss ana raba ta, pas-sa-re, es-se-re.

A nan ne matsalar farko ta bakin Bahaushe take. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa muka mai da kalmomin aro "burodi" da "sukuru". Wannan sabo yana bin mutum har cikin Italiyanci, sai scri-ve-re mai gaɓa uku ta koma "sikiribere" mai gaɓa biyar, ƙirgen danni kuma ya watse. Maganinsa a gina gaɓar daga ƙarshe: ka ce ri, sai cri, sai ka ja s kamar hucin maciji ka faɗa kan cri ba tare da buɗe baki ba. Haka za ka yi da pren-do, stu-dio, spie-go. In ka tafa hannu a kan kowace gaɓa, ka ji tafin ya wuce adadin da ke takarda, to wani wasali ya kutso.

Mataki na 3: Yanke hukunci a kan wasula biyu da suka haɗu

Wasula biyu ko dai su zauna a gaɓa ɗaya, ko su rabu. In ɗayansu i ne ko u maras danni, sun zama tagwai a gaɓa guda, i ɗin ya koma kamar y, u ɗin kamar w: par-lia-mo, vie-ne, muo-re, se-gui-re, par-lai, a-vrei. Wasu har uku suke haɗuwa a gaɓa ɗaya: puoi, vuoi.

Suna rabuwa a hali uku. Na farko, in babu i ko u a cikinsu: cre-a-re, cre-o. Na biyu, in danni ya sauka a kan i ko u ɗin. Na uku, in i ɗin na ɗafa-goshin ri- ne mai nufin maimaita aiki: ri-a-pri-re, ri-u-sci-re, ri-e-sco.

Hali na biyu yana buƙatar natsuwa, domin aikatau masu ƙarewa da -iare kashi uku ne duk da kamanninsu ɗaya a takarda. A mangiare da lasciare, i alama ce kawai: man-gia-re, MAN-gio, la-scia-re, LA-scio. A studiare da cambiare ana furta i a matsayin y: STU-dio, CAM-bio. A inviare da sciare kuwa i cikakken wasali ne mai iya ɗaukar danni: in-VI-o, SCI-o. Bambancin yana fitowa har a rubutu. "Kana karatu" studi ne da i ɗaya, "kana aikawa" invii da i biyu, in-VI-i. A lokaci mai zuwa ma, mangiare ya zubar da i ɗinsa ya zama mangerò tunda e ta riga ta tausasa g, amma sciare ya riƙe nasa, scierò.

Wajen furta wasulan da suka rabu, kada ka sa tsayawar maƙogwaro irin ta "sa'a" ko "ma'ana". Creare ba "kre'are" ba ne. Murya na zarcewa daga e zuwa a ba yankewa.

Mataki na 4: Feɗe kalmar zuwa sassanta

Yankan gaɓa daban, ƙirar kalma daban, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke rikita ɗalibai. Ɗauki parlavamo, "muna magana a da". A gaɓa: par-la-va-mo. A ƙira: parl- ita ce saiwa mai ɗauke da ma'ana, -a- wasalin aji ne, -va- alamar lokaci, -mo kuma mai nuna wanda ya yi aikin. Iyakar saiwa ta faɗo tsakiyar gaɓa ta biyu. Saboda haka ka riƙa yin layi biyu a littafinka, ɗaya na gaɓa, ɗaya na ƙira.

Hausa tana ɗora mai aiki da lokaci a kan ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau: na tafi, zan tafi, muna tafiya. Italiyanci ya tattara duk wannan a ƙeyar aikatau, shi ya sa ake iya barin io, tu, noi ba a faɗa ba. Wanda ya haɗiye ƙarshen kalma ya haɗiye mai aikin ke nan.

Aji uku ne, ana gane su da siffar da ƙamus ke kawowa: -are, -ere, -ire. Cire waɗannan haruffa uku, abin da ya rage saiwa ce: parl-, prend-, dorm-. Ƙalilan ne suka tsuke har saiwarsu ta ɓuya: fare, dire, bere, porre, tradurre. Asalinsu facere, dicere, bevere, ponere, traducere, kuma tsohuwar saiwar tana bayyana a shuɗaɗɗen lokaci mai ci: facevo, dicevo, bevevo, ponevo, traducevo. In saiwar wani aikatau ta shige maka duhu, wannan lokacin za ka duba.

Ajin -ire ya rabu biyu. Wasu kamar dormire, partire, sentire, aprire suna manne ɗafa-ƙeya kai tsaye: dor-mo. Mafi yawa kuwa, irin su finire, capire, preferire, pulire, suna cusa ɗafa-ciki -isc-: fi-ni-sco. Za a ga dalilin wurin da yake fitowa a mataki na shida.

Akwai kuma abin da Bahaushe ya sani sarai, wato ganɗantawa. Muna cewa sata amma sace, fasa amma fashe, ciza amma cije: e da i suna tausasa baƙin da ya zo kafin su. Aikatau na -ere da -ire haka suke yi: leggo "leggo" amma leggi "lejji", vinco "vinko" amma vinci "vinci", conosco amma conosci "konosshi", finisco amma finisci. Ajin -are ne ya ƙi yarda, ya riƙe sautin saiwarsa da taimakon h: cerco, cerchi, cerchiamo, pago, paghi, pagherò. Wato a aji ɗaya rubutu ya tsaya sauti ya canja, a ɗayan sauti ya tsaya rubutu ya canja.

Mataki na 5: Nemo danni

Ana ƙirga gaɓa daga ƙarshe. Danni a gaɓar ƙarshe, kalmar tronca ce, kuma in wasali mai danni ne harafinta na ƙarshe, dole a rubuta mata alama: par-LÒ, fi-NÌ. A ta biyu daga ƙarshe, piana, ita ce mafi yawa: par-LA-re. A ta uku, sdrucciola: PAR-la-no. A ta huɗu, bisdrucciola, wadda kusan sai a aikatau ake samunta: A-bi-ta-no.

Fara da siffar ƙamus. Duk -are da -ire a kan wasalin aji suke da danni: par-LA-re, dor-MI-re. Ajin -ere ne ya kasu. Kaɗan masu yawan amfani suna dannawa a ƙeya: a-VE-re, ve-DE-re, sa-PE-re, po-TE-re, vo-LE-re, do-VE-re, te-NE-re, ca-DE-re, pia-CE-re, ri-ma-NE-re. Mafi yawa a saiwa: ES-se-re, LEG-ge-re, SCRI-ve-re, PREN-de-re, MET-te-re, CRE-de-re, VI-ve-re, co-NO-sce-re. Dalilin tarihi ne: harshen Latin yana da aji biyu a nan, ɗaya mai dogon e ɗaya mai gajere, Italiyanci ya haɗe su a rubutu ya bar bambancin a danni. Sanin Latin ma ba ya raba gardama gaba ɗaya, don wasu sun sauya sheƙa a hanya: cadere da sapere sun koma na ƙeya, ridere, rispondere da muovere sun koma na saiwa. Abin yi shi ne a haddace gajeren jerin na farko, sauran a ɗauka na saiwa ne har sai ƙamus ya nuna akasi.

Sai lokaci mai ci, inda tsarin yake kamar haka: mutum na 1, na 2, na 3 tilo da na 3 jam'i suna dannawa a saiwa, "mu" da "ku" suna dannawa a ƙeya.

PAR-lo, PAR-li, PAR-la, par-LIA-mo, par-LA-te, PAR-la-no.

Kuskuren da ake yawan ji a bakin masu koyo shi ne par-LA-no. Ka riƙe wannan: siffar "su" tana barin danni inda yake a siffar "ni", komai tsawon da kalmar ta ƙara. PREN-do, PREN-do-no. fi-NI-sco, fi-NI-sco-no.

In saiwa tana da gaɓa biyu ko fiye, rubutu ba zai gaya maka wacce za ka danna ba. Lavorare ya ba da la-VO-ro, imparare im-PA-ro, cucinare cu-CI-no. Amma abitare ya ba da A-bi-to, telefonare te-LE-fo-no, dimenticare di-MEN-ti-co, ordinare OR-di-no, desiderare de-SI-de-ro. Daga irin na biyun ne ake samun te-LE-fo-na-no da di-MEN-ti-ca-no. Dabara mai taimako ita ce duba sunan da ya fito daga gida ɗaya da aikatau: il la-VO-ro, il te-LE-fo-no, l'OR-di-ne. Sau da yawa danninsu ɗaya. Ba kullum ba, don haka duk sabon aikatau ka rubuta shi da siffarsa ta "ni" a gefe. Ƙamus mai kyau yana kawo ta. Wanda aka fi dogara da shi kan furuci shi ne DOP, ƙamus ɗin rubutu da furuci da gidan rediyo da talabijin na RAI ya fara fitarwa a 1969, kuma ana iya sauraren kalmomi a shafinsa na intanet.

Sauran lokuta sun fi sauƙi, don dannin ba ya dogara da saiwa:

Shuɗaɗɗe mai ci: par-LA-vo, par-LA-vi, par-LA-va, par-la-VA-mo, par-la-VA-te, par-LA-va-no.

Mai zuwa: par-le-RÒ, par-le-RAI, par-le-RÀ, par-le-RE-mo, par-le-RE-te, par-le-RAN-no. Ka lura a ya koma e. Wannan lokaci an gina shi ne daga siffar ƙamus da aikatau avere a manne, shi ya sa ƙarshensa ya yi kama da ho, hai, ha, hanno. Tunda danni ya gudu can ƙarshe, wasalin tsakiya ya yi rauni, a wasu aikatau har ya faɗi: andrò, avrò, vedrò, potrò, dovrò, saprò, vivrò. Inda faɗuwar ta haɗa n ko l da r, sai r ya cinye maƙwabcinsa ya zama shadda: venire verrò, tenere terrò, volere vorrò, rimanere rimarrò.

Sharaɗi: par-le-REI, par-le-RE-sti, par-le-REB-be, par-le-REM-mo, par-le-RE-ste, par-le-REB-be-ro.

Shuɗaɗɗe mai nisa: par-LAI, par-LA-sti, par-LÒ, par-LAM-mo, par-LA-ste, par-LA-ro-no.

Danni ba karin sauti ba ne. Bahaushe ya saba da hawa da saukar murya, sai ya ɗauka ɗaga murya sama shi ne dannawa. A Italiyanci gaɓar danni ta fi sauran ƙarfi da tsawo. In buɗaɗɗiya ce, wato ta ƙare da wasali, kuma ba ta ƙarshe ba, wasalinta yana tsawaita: parlare kamar "parlaare", vedo kamar "veedo". In rufaffiya ce, wato ta ƙare da baƙi, wasalin gajere ne, baƙin ke ɗaukar nauyin: "fat-to". In ta ƙarshe ce, gajere ne mai kaifi: parlò, ba "parloo" ba. Sauran wasula duk gajeru ne, amma a bayyane suke, ba a murƙushe su.

Mataki na 6: Duba abin da danni ya yi wa saiwa

Tsarin nan na huɗu-da-biyu da aka gani a lokaci mai ci shi ne makullin aikatau masu wuya. Inda danni ya hau saiwa, saiwa tana da siffa ɗaya. Inda ya sauka daga kanta, tana da wata.

Ɗafa-cikin -isc- yana fitowa a wurare huɗun nan kaɗai: finisco, finisci, finisce, finiscono, amma finiamo, finite.

Wasalin e yana zama ie, o yana zama uo, in danni ya hau su a buɗaɗɗiyar gaɓa: SIE-do, SIE-di, SIE-de, se-DIA-mo, se-DE-te, SIE-do-no. Haka MUO-re amma mo-RIA-mo, VUO-le amma vo-LE-te. Yanzu dubi venire: VEN-go, VIE-ni, VIE-ne, ve-NIA-mo, ve-NI-te, VEN-go-no. Me ya hana vengo zama "viengo" alhali yana da danni? Gaɓar ven rufaffiya ce, n ya toshe ta. Vie kuwa a buɗe take. Nan ne amfanin mataki na biyu ya fito fili: wanda ya yanka kalmar daidai ba ya buƙatar haddace tengo, tieni, tiene, zai iya fitar da su da kansa. Wasu aikatau sun daidaita siffarsu a Italiyancin yau, misali suonare, inda ake cewa suono da suoniamo duka da uo.

Wasu ma wasalin ne ko saiwar gaba ɗaya ke sauyawa, amma a wurare iri ɗaya: E-sco, E-sci, E-sce, u-SCIA-mo, u-SCI-te, E-sco-no. DE-vo amma do-VE-te. VA-do, vai, va, VAN-no amma an-DIA-mo, an-DA-te.

A shuɗaɗɗe mai nisa tsarin uku-da-uku ne. "Ni", "shi" da "su" suna da danni a gajeriyar saiwa ta musamman, sauran ukun suna bin ƙa'ida: PRE-si, pren-DE-sti, PRE-se, pren-DEM-mo, pren-DE-ste, PRE-se-ro. In ka san presi, scrissi, vidi, ebbi, feci, ka san sauran biyar na kowannensu.

Mataki na 7: Ba shadda haƙƙinta, ka kuma tsare wasula

Wanda ya san bambancin baba da babba ba ya buƙatar a koya masa shadda, tunatarwa kawai yake buƙata cewa a Italiyanci tana canja lokacin aikatau. Parleremo "za mu yi magana", parleremmo "da mun yi magana". Saremo da saremmo, faremo da faremmo haka. Cade "yana faɗuwa", cadde "ya faɗi". Bevi "kana sha", bevvi "na sha". A daidaitaccen furuci, gn, gli, sc mai sautin sh da z suna da shadda tsakanin wasula ko da ba a rubuta ta ba, shi ya sa esce ya zama "esshe".

Akwai shaddar da ke ƙetare iyakar kalma: bayan kalma mai danni a ƙarshe, baƙin farko na kalmar gaba yana ninkuwa, andò via a ji shi "andovvia", è vero "evvero". A Toskana da Roma da kudancin ƙasar haka ake yi, a arewa yawanci ba a yi. Ka san da ita don kunnenka, ba dole ba ne bakinka.

Abin da yake dole shi ne waɗannan uku. Na ɗaya, p da f sautuka biyu ne: pare "da alama", fare "yi". A p leɓɓa biyu ke haɗuwa, a f haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Na biyu, v ba b ba ne: vado "ina tafiya", bado "ina kula". Yadda ake f ake v, sai dai da ziza. Na uku shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. A Hausa, e da o a rufaffiyar gaɓa suna karkata zuwa a, shi ya sa "karen gida" ke fita kamar "karan gida". In wannan ya biyo ka, sento "ina ji" zai zama santo "waliyyi", conto "ina ƙirga" ya zama canto "ina waƙa", metto "ina sakawa" ya zama matto "mahaukaci". Tsaya gaban madubi: a e leɓɓa na bajewa, a o suna kewayewa, kuma kada su saki har gaɓar ta rufe.

Wasula biyar na rubutu bakwai ne a furucin Firenze, wanda daidaitaccen harshe ya ginu a kai, don e da o kowanne yana da buɗaɗɗe da tsukakke. A ƙarshen aikatau tsayayyu ne: -ò, -ei na sharaɗi, -ebbe, -endo buɗaɗɗu, -ere, -evo, -emo, -ete, -essi tsukakku. Italiyawa da kansu sun saɓa a kan wannan daga lardi zuwa lardi, saboda haka a bar shi sai an gama da danni da shadda.

Mataki na 8: Manna wakilin suna ba tare da motsa danni ba

A umurni, da siffar ƙamus, da siffar -ando ko -endo, wakilin suna yana mannewa a ƙeya. Kalmar ta ƙara tsawo, danni yana nan inda yake: PREN-di, PREN-di-lo, por-TA-te, por-TA-te-me-lo, par-LAN-do, par-LAN-do-ne. Da haka ake kaiwa ga danni a gaɓa ta biyar daga ƙarshe, OR-di-na-glie-lo. Siffar ƙamus tana zubar da e: ve-DER-lo, PREN-der-lo. Umurni mai gaɓa ɗaya, da', di', fa', sta', va', yana ninka baƙin wakilin sunan: dam-mi, dim-mi, fal-lo, vac-ci. Gli kaɗai ba a ninka shi a rubuce: da-gli, di-gli.

Mataki na 9: Rubuta alama inda ta wajaba

Alamar danni a gaɓar ƙarshe ba ado ba ce. Parlo "ina magana", parlò "ya yi magana". Mai gangara dama ake sa wa à, ì, ò, ù da buɗaɗɗen è. Mai gangara hagu ga tsukakken é, kamar poté da ripeté. A kalmomi masu gaɓa ɗaya ana sa ta ne don bambancewa: è "shi ne" da e "da", dà "yana bayarwa" da da "daga". Può yana da ita don kada a karanta PU-o. Amma fa, va, sta, so, sto, fu ba a sa musu. Sogniamo da insegniamo kuma ana rubuta su da i ko da ba a jin sa, domin i ɗin na ɗafa-ƙeyar -iamo ne.

Gwada matakan a kan kalma guda

Ɗauki dimenticherebbero, "da sun manta". Ja layi a ƙarƙashin ch, sauti ɗaya ne, k. Yanka: n ya rufe men, bb ya rabu, sai ka sami di-men-ti-che-reb-be-ro, gaɓa bakwai. Babu wasula biyu a haɗe. A ƙira: saiwa dimentic-, h mai tsare sautin k, -er- daga -are da a ya koma e, -ebbero na sharaɗi mutum na 3 jam'i. Danni na ƙeya ne, a gaɓa ta uku daga ƙarshe: di-men-ti-che-REB-be-ro. Wuraren haɗari biyu ne, e na men kada ya zama a, bb kuma a riƙe shi.

Yi haka da aikatau biyar a rana, ba fiye ba. Kowanne ka rubuta siffar ƙamus, siffar "ni", "mu" da "su", ka yanka su, ka rubuta gaɓar danni da manyan haruffa, sannan ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta da ta ƙamus. In kalma ta yi tsawo harshe ya sarƙe, fara daga gaɓar danni zuwa ƙarshe, REB-be-ro, sannan ka riƙa ƙara gaɓa ɗaya daga baya: che-REB-be-ro, ti-che-REB-be-ro, har ka iso farkonta. Na makon farko su kasance essere, avere, andare, fare, venire, uscire, volere, potere, dovere da sapere, sai abitare da telefonare saboda siffarsu ta "su".